Tsohon da Ke Ɗanɗana Kogi

Ran Juma'a, a hanyata ta Argungu daga Birnin Kebbi, na ga wani manomi zai wanke buhun taki a kogi, 'yan'uwansa suka hana shi. Take kawuna ya faɗo mini a rai. Masunci ne, kuma bai taɓa jefa koma ba sai ya kamfaci ruwa ya ɗanɗana.

Wata safiya na raka shi bakin kogi, muka tarar gansakuka ta rufe ruwan, kore shar, yana wari kamar tsohuwar rijiya. Karfasa sun taso birjik, cikinsu fari yana kallon sama. Babu kukan kwaɗo, tsuntsaye ma sun ƙi sauka. Kawu ya ɗanɗana, ya tofar.

"Ɗiyata," ya ce, "ruwan ga ya ci abin da ba nashi ba."

Ashe takin gonakin shinkafa ne ruwan sama ke kwasowa. Kawu ya yi ta bin manoma gona-gona har suka zauna da masunta. Aka yarda a bar ciyawa a gaɓa ta tare takin, kuma kada a zuba shi in hadari ya haɗu.

Ranar da na ga manomin, na sauka bakin kogin, na kamfaci ruwan na kai baki. Ban san ɗanɗanon da Kawu ke nema ba, kuma babu wanda zan tambaya. Ina nan tsaye sai kwaɗo ɗaya ya yi kuka cikin ciyawa.

Allah ya shayar da Kawu ruwan Alkausara.