Yadda Almu Ya Ture Surukinsa

Almu Bazazzagi ne, haifaffen Tudun Wada, kuma duk wanda ya zauna a unguwar Camberwell ta London a shekarun nan da man fetur ya ruɗa mutane ya san shi. Dogo ne siriri, yana tafiya kamar mai ba ƙasa haƙuri. Karatun gyaran rediyo ya kawo shi London, amma karatun ya dubi Almu, Almu ya dubi karatun, suka rabu ba a ji kansu ba. Abin da ya rage masa Turanci a baki da sanin hanya. To a lokacin wannan ma sana'a ce. Arziki ya zo wa mutanenmu, har ciwo ya samu daraja. Wanda da can jiƙo zai sha ya lulluɓa, yanzu sai ya hau jirgi. Almu ne mai tarbo su, ya sa su a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai su wurin likitocin unguwar Marylebone, ya tsaya tsakani yana mayar da magana. Likita ya ce, "Tumbin nan ne zai kashe ka." Almu ya ce, "Ya ce Alhaji a ɗan rage maiƙo." Kowa ya koma gida yana yabon ladabin likitan.

In an cire wannan, ba a san shi da komai ba sai kunya. Ya daɗe da auren Shafa'atu, 'yar Alhaji Uwaisu mai fatu na Kano, har da 'yarsu Zinatu, amma da za a jera tsofaffi a ce ya nuna surukinsa, sai dai ya bi layi yana duba takalma. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba. Akwai wani ɗalibi Uwaisu a ƙasan benensu, shi ma "mai sunan Baba" yake ce masa, har yaron ya fara tsammanin laifi ya yi.

Ana nan sai ciwo ya taɓa Alhaji Uwaisu a ɓarin hagu. Aka sako shi a jirgi, aka sauke shi a gidan 'yarsa. Likitoci suka yi nasu, baki ya miƙe, hannu ya dawo, ƙafa ma ta dawo, sai dai ta dawo ba amana. Ya tashi tsaye, ƙasa ta karkace. Salla a zaune, alwala a zaune. Likita ya ce zai iya komawa gida, amma a keken marasa lafiya. Wannan kam Almu bai samu yadda zai tausasa ta ba, don keken na nan a gabansu.

Alhaji ya ce, "Da ƙafata na shiga kasuwar Kurmi tun ban yi gemu ba. Ba za a turo ni cikinta kamar buhun gishiri ba. Ko in taka, ko a binne ni a garin nan mai ruwa."

Tsohon da ya rantse a gidanka, kai ya rantse wa. Almu ya kwana da sanin cewa in Alhaji bai taka ba, a wuyansa abin yake.

Wata nas ce ta ba su labarin wani tsoho ɗan ƙasar Sin, Malam Fung, mai dafa abinci a wani gidan cin abinci, wanda ke koyar da wani motsa jiki na ƙasarsu ran Asabar da safe a zauren wata coci. Tai chi suke ce masa. Suka je. Alhaji ya zauna ya ga mutane suna ɗaga hannu a hankali kamar masu laluben abu a cikin ruwa, ya ce, "Wannan ai kokawar masu azumi ce." Sunan da ya bi abin ke nan a gidan.

Malam Fung guntu ne, ba zai fi tabarya tsawo ba. Ya kira wani ƙaton Bature ya ce ya ture shi. Baturen ya zuba ƙarfinsa, tsohon ya ɗan juya ƙugu, sai ga Bature yana gaisawa da bango. Alhaji ya gyara zama. Ɗan kasuwa ne, ya san kaya in ya gani.

Abin da aka ɗora masa shi ne turin hannu, na mutum biyu. Ku fuskanci juna, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake, kai a miƙe kamar na mai ɗauke da tulu. Ku haɗa bayan wuyan hannu. Ɗaya ya turo, ɗayan ba zai tare da ƙarfi ba, ba kuma zai janye ba. Zai sauke nauyinsa kan ƙafar baya, ya juya ƙugu kamar ƙyaure, turin ya wuce ta gefe, sannan shi ma ya mayar. Malam Fung ya ce ƙarfi daga ƙasa yake tasowa, ya bi ƙafa, ƙugu ya nuna masa hanya, hannu ɗan aike ne kawai. Wanda duk ya bar gwiwarsa ta wuce yatsun ƙafarsa ya ba da kansa kyauta. Duk macen da ta taɓa yin lugude ta san zancen: turmi ɗaya, tabarya biyu, in ɗaya ta tsaya kunya sai a fasa wa juna goshi.

Malam Fung ya dubi tsayuwar Alhaji ya ce wa Almu, "Gaya masa yana tsaye kamar kabad. Ya saki gindinsa ƙasa."

Almu ya dubi takalman Alhaji ya ce, "Ya ce tsayuwarku ta manya ce, Baba."

"Na sani," in ji Alhaji.

Asabar kaɗai ba ta isa, sai an yi kullum a gida. Shafa'atu na da tsohon ciki, ko takalminta ba ta gani. Saura wa? Almu ya nemi ƙasa ta tsage, amma kafet ne a wurin.

Da safe aka ture tebur gefe, aka kunna hita. Suka haɗa hannu, karo na farko tun ranar ɗaurin aure, wancan ma ba a haɗa ba, durƙusawa ya yi. Alhaji ya turo. Hannun suruki na zuwa, jikin Almu ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro: ya janye hannu, ya sunkuyar da kai, ya zube kan gwiwa. Alhaji ya turo iska. Ya bi ta kan bayan Almu kamar kaya ya zame daga jaki, ya sauka a kafet, hula ta yi nata wuri.

"Sannu Baba. Ku yi haƙuri Baba."

"Sannun me? Ina ka tafi?"

"Ina nan, Baba."

"Kana nan a ƙasa. Ni a sama na bar ka."

Da aka zo turin Almu kuwa, sai ya taɓa hannun tsohon kamar mai duba ko ƙwai ya fashe. Haka aka yi ta yi. Kullum Alhaji na faɗuwa, kullum Almu na ba da haƙuri, ƙafar hagu kuwa ta ƙara tsorata, har tsohon ya fara bin bango zuwa banɗaki. Rannan Almu ya tarar da shi zaune yana kallon keken da aka jingine a bayan ƙofa. Wannan shi ne abin tsoron.

Asabar ta zagayo, Malam Fung ya sa su yi a gabansa. Bai bari sun kai ko'ina ba ya ɗaga hannu.

"Gaya masa ba ƙafarsa ke kayar da shi ba, kai ne. Ba da hanya daban, gudu daban. Mai ba da hanya yana manne da kai, yana jin inda nauyinka yake. Kai gudu kake, ka bar masa rami. Kuma ƙafar da ba a taɓa turawa ba, ina za ta san ƙasa? Kana tausayinsa, tausayin nan ne zai zaunar da shi a keke."

Tunda Almu ya fara tafinta, wannan ce magana ta farko da ya mayar yadda aka faɗe ta, ba ragi ba gishiri. Laifin nasa ne, don haka ba wanda za a tausasa wa.

Alhaji ya ce, "To ka ji. Ture ni."

"Baba..."

"Umarni na ba ka."

Almu ya ɗaga hannu, hannun ya tafi, ya tafi, ya isa rigar Alhaji ya kakkaɓe mata ƙura. Ba taurin kai ba ne. Abin da aka dasa da nono ba a tuge shi da umarni.

Shafa'atu ce ta kwance ƙullin, ita ma daga kicin, ba ta ko leƙo ba. Ta ji mahaifinta yana ta faɗa shi kaɗai, ta ce, "Baba, wai kun manta mutumin ina kuka ba 'yarku?"

Tsakanin Kanawa da Zazzagawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Bakano ya ga Bazazzagi ya kira shi bawansa, ya zage shi tas, Bazazzagi ya rama, ba mai fushi, ko a gaban alƙali ne. Surukuta ce ta danne wannan tsakaninsu, amma dannewa ta yi, ba ta kashe ba.

Washegari da aka ture tebur, Alhaji ya cire hularsa ya rataye a ƙusar da ke jikin ƙofa.

"Malam Almu, ka ga hular can? Ita ce surukinka. Je ka gaishe ta."

Almu ya rasa abin yi, ya je ya ɗan rusuna wa hula.

"Madalla. Muddin tana can, nan ba kowa sai Bakano da bawansa. Zo nan, Bazazzagi. Kawo hannun, in hannu ne. Na ga sillen kara ya fi shi nama."

Suka haɗa hannu. Almu na kallon ƙasa.

"Ku dai ba a raba ku da dogon Turanci. A ce ku ɗauki kaya, sai ku ce bari a duba littafi. Turo mana! Au, na manta. Garin da mace ce ta yi muku ganuwa, ina za a samu namijin turi? Ku kuna ina lokacin? Kuna riƙe mata mayafi?"

Murya can ƙasa Almu ya ce, "Bakano kuwa ko a gadon asibiti aka kwantar da shi, sai ya taya gadon."

"Me ka ce?"

"Na ce sai ya taya gadon. Ya tambayi nas ko akwai ragi in ya haɗa da matashin."

"Kai, bawa ya yi baki! To ga ni, ɗan riƙe mayafi!"

Almu ya turo. Ba da hannu ba, don Asabar ɗin nan ba a banza ya tsaya yana fassara ba. Daga ƙafar baya abin ya taso, ya bi ƙugu, ya fita. Alhaji Uwaisu mai fatu ya tafi da baya ya zauna daram a kan kujera, ƙafafu a sama. A kicin ludayi ya tsaya. Almu ya fara lissafin ta inda zai bar ƙasar.

Sai tsohon ya fashe da dariya, irin wadda ba a ji ba tun saukarsa. "Yauwa! Ashe da mutum a cikin rigar. Tashe ni mu sake."

Daga ranar kullum hula na hawa ƙusa. An jawo kujerar an ajiye a bayan Alhaji, ta kuwa yi aiki. Amma a hankali ƙafar hagu ta fara gane cewa in turi ya zo, ƙasa na nan ba ta gudu ba. Gwiwa ta koyi lanƙwasa, kafaɗa ta sauko daga kunne. Shi kuma Almu, da yake dama ba ya kallon fuska, sai hannunsa ya zama idonsa. Tun kafin tsohon ya karkata ya ji, ya manne masa, bai tare ba bai gudu ba. Malam Fung ya ce wasu sai an ɗaure musu ido suke koyon wannan. Almu bai fassara ba, don yabo ne.

Wata safiya, bayan an yi sunan jaririn Shafa'atu, Almu ya turo da gaske kamar kullum. Alhaji ya nutsa kan ƙafar hagu, ita dai wadda ta ci amanarsa, ya juya ƙugu. Almu ya wuce ta gefensa da dukan tsawonsa ya rungumi ƙofa. Ƙofa ta girgiza, hula ta faɗo daga ƙusa ta sauka a ƙasa tsakaninsu.

Almu na ganin hula ta bar ƙusa ya zube kan gwiwa. "Sannu Baba."

Alhaji na tsaye, ba bango ba sanda. Ya sunkuya da kansa ya ɗauki hular, ya kaɗe, ya sa. "Yauwa, Malam Almu. An tashi lafiya?"

Ranar tafiya, ma'aikatan filin jirgi suka kawo keke saboda an rubuta musu mara lafiya ne. Alhaji ya ɗora jakarsa a kan keken ya tura abinsa. A bakin shiga Almu ya durƙusa, ido a kan takalma. Tsohon ya sa masa albarka, ya daɗe yana yi. Sannan ya ɗan ɗaga hular daga kansa, kamar mai shan iska, ya ce, "Bawana, a riƙa sakin kafaɗa." Ya mayar da ita ya wuce.

Almu ya ci gaba da kai marasa lafiya Marylebone, yana rage wa maganar likita kaifi, ran Asabar kuma yana wurin Malam Fung har tsohon ya daina fitowa. A Kano labari ya bazu cewa Alhaji Uwaisu ya ba da 'yarsa ga wanda ke ture shi kowace safiya, Alhaji kuma ya ce ƙwarai, su ma su nemi irinsa. Ƙusar tana nan a ƙofar, ba a rataya mata komai. An taɓa tambayar Almu, bayan duk wannan, wai yaya kamannin surukin nasa? Ya ce shi bai sani ba, bai duba ba. Amma in tsohon yana tsaye, nauyinsa a ƙafar hagu yake.