Na Kai wa Alasan Takalminmu

Tashi daga Tawa

Ladan bai gama kiran assalatu ba na turo keken zuwa ƙofar gida. Rahila, matata, ta biyo ni da tocila, amma ba hanya take haska mini ba, ƙafata take haskawa. Takalmin tseren keke ne na da, baƙar fata mai ƙananan huji, da igiya, ƙasansa da tauri kamar katako.

"Baban Lidiya, ga motoci na tahiya Kalfu kullum," in ji ta. "Mi ya kai tsoho irinka ga keke?"

Na ce mata in na je da mota, gaisuwa kawai na kai, kuma gaisuwa ta ishi Alasan. Ta yi tsaki, ta sa mini gorar ruwa da dabino a jaka, ta dafa kafaɗata ta yi addu'a mai tsawo, har da roƙon Ubangiji ya ba ni hankali.

Ga dalilin tafiyar. Alasan abokina ne tun ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Maraɗi, shi kuma yana zuwa Tawa cin rani. Ni Kirista, shi Musulmi, keke ya haɗa mu. Bana hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin hagu ya shanye. Matarsa Hajjo ta kira ni a waya tana kuka. Likita ya ce ƙafar ba ta mutu ba, amma in ba a motsa ta kullum za ta sandare, shi ke nan. Alasan kuwa ya juya fuska ga bango, ya ce a ƙyale shi.

Shingen jandarma

Keken nawa na ƙarfe ne, siririn taya, kansa a murɗe kamar ƙahon rago, kowace feda da ɗan kejinta da madaurin fata da ke riƙe ƙafa. A kan ƙahon na ɗaure tsohuwar rediyo mai kaset da tsumman roba. Ina hawa kwaltar Agadas na danna ta.

Wani kiɗan Turawa ne da ake kira haus, wanda yayan Alasan ya zo mana da shi daga Abijan lokacin muna samari. Babu labari a ciki, babu kirari. Duka ne kawai, dum, dum, dum, sai wata mata mai maimaita magana ɗaya da Turancin da ba mu taɓa ganewa ba. Alasan yakan ce mata huɗu ne ke daka ba su gajiya. Mu dai ya yi mana amfani: kowane duka, taka feda ɗaya.

A shingen bakin gari wani saurayin jandarma ya tsayar da ni. Ya dubi katin shaidata, ya dubi rediyon, ya ce, "Baba, wanga waƙa ce ko injin niƙa?"

"Waƙa ce, ɗana. Ta girme ka."

Ya durƙusa yana ƙare wa takalmin kallo, ya kira abokin aikinsa shi ma ya gani. Suka ce in sauka lafiya, kuma in bi a hankali da manyan motoci.

Gindin aduwa

Muna da wata doka ni da Alasan. Kekuna biyu muke da su a lokacin, amma takalmi ƙafa ɗaya tal, wanda muka tsinto a gwanjo, kuma ya yi mana daidai mu biyun. Saboda haka muka raba shi da kaset. Fuskar farko tawa ce, ni ke sa takalmin. In ta ƙare sai mu tsaya, mu juya kaset, in cire in ba shi, in karɓi silifas ɗinsa. Fuska ta biyu tasa ce. Kullum kuma a wuri ɗaya fuskar farko ke ƙarewa, gindin wata aduwa a gefen kwalta. Da ya koma ƙauye ya yi aure, takalmin ya zauna wurina, kekensa kuma 'ya'yansa suka kashe shi da ɗaukar jarkoki.

Ran nan fuskar farko ta ƙare ban ko hango aduwar ba. Na tsaya ina haki. Hannuna ya kai ga juya kaset ɗin, sai na fasa, don fuska ta biyu ba tawa ba ce. Na mayar da zaren baya, na sake fara ta farko. Sai da na saurare ta har sau uku kafin in iso.

Aduwar tana nan, ta ƙara faɗi. Wata Bafillata na sayar da fura a inuwarta. Na sha mai tsami, na miƙe ƙafa. Lokacin kaka ne, ko'ina ka duba mutane na yankan gero, an jera dammuna a bakin gonaki. Da na tuna Alasan bai taɓa barin wani ya ɗaure masa dami ba, sai furar ta fita a raina.

Daga kwalta zuwa ƙauye

Da hantsi na bar kwalta na kama jar hanya mai shiga ƙasar Kalfu. A nan keken ya nuna mini ba don wannan aka ƙera shi ba. Ban yi nisa ba tsidau ya huda tayar baya. Na yi faci, na buga iska, na hau, sai rairayi ya riƙe ni. Na sauka ina turawa, shi ma takalmin ba na tafiyar ƙasa ba ne, ina ta santsi ina buɗe ƙafafu.

A haka wani dattijo mai amalanken jaki ya riske ni. Ya tsaya ya daɗe yana kallona kafin ya yi sallama.

"Malam, ina zuwa da wanga abu?"

"Gidan Alasan mai keke."

"Ayya! Wanda ciwo ya kada? Hau, hau. Ai ba shi magana da kowa. Jiya liman ya tahi gaishe shi, ko juyowa bai yi ba."

Muka ɗora keken bisa karan dawa, na zauna a gefe. Ya ce in kunna masa abin da ke cikin rediyon ya ji. Na kunna masa kaɗan daga fuskar farko. Ya saurara da gaske, sa'annan ya ce, "To, yaushe za su fara waƙar?"

Gidan Alasan

Bayan azahar muka isa. Hajjo ta tarbe ni da ruwa da shayi da cuku, tana ta faɗin, "Mushe, da keke? Da keke ka zo?" Mushe, wato malamin lakwal, suke kirana har yau, ko da yake na daɗe da ajiye alli.

Alasan na kwance a rumfa, fuska ga zana. Ya rame har na ji tsoro. Na gaishe shi, ya amsa da ƙyar, baki a karkace, bai dube ni ba. Ban yi masa wa'azin haƙuri ba, na san ya sha shi. Na zauna a bakin gadon, na kwance igiyar takalmin, na cire, na jawo silifas ɗinsa na sa.

"Fuskar farko ta ƙare," na ce masa. "Juyinka ne."

Na kama ƙafar dama na sa mata takalmi, na kama ta hagu, mai nauyi da sanyi, ita ma na sa mata, na ɗaure. Sa'annan na juya kaset na danna.

Dukan ya tashi da saurinsa na da. Na ga ƙafar dama ta ɗan motsa, ta hagu kuwa tana nan kwance. Alasan ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne.

"Kashe shi, Bulus," in ji shi. "Wanga na masu ƙahwa ne."

Raina ya ɓaci da kaina. Na taho duk wannan nisa don in tuna wa mutum abin da ya rasa. Na miƙa hannu zan kashe, amma kafin in taɓa rediyon sai sautin ya fara sauyawa. Pil ne, wato batir, ya gaji. Ai ni na cinye shi a hanya da maimaita fuskar farko. Dukan ya yi ta ja baya, muryar matar nan ta koma ta ƙato mai jin barci. Kunya ta kama ni, na shiga laluben jaka, don na taho da sabon pil.

"Mushe," in ji Hajjo a hankali. "Dibi ƙahwar."

Na duba. Bakin takalmin hagu yana ɗagawa kaɗan, ya sauka, ya ɗaga, ya sauka, daidai da dukan da ya rage sauri. Ina riƙe da sabon pil a hannu, na buɗe bayan rediyon.

"Bar shi haka," in ji Alasan, ido a rufe. "Matan sun tsufa su ma."

Hajjo ta toshe baki da mayafi, ban sani ba dariya take ko kuka. Ni dai duka biyun na yi.

Da la'asar muka kife keken a tsakar gida, ni da babban ɗansa. Muka cire tayar gaba, muka binne sirdi da ƙahon cikin rairayi don kada ya motsa, muka ajiye kujera a gabansa. Aka zaunar da Alasan, na zura ƙafafunsa a kejin feda, na ja madaurin. Amfanin madaurin ke nan: in ta dama ta tura, dole ta hagu ta biyo. Ya juya sau ɗaya ya tsaya yana zufa, ya zage ni, ya zagi keken, ya sake juyawa. Maƙwabta suka cika bakin zaure. Da rediyon ta yi shiru gaba ɗaya, Hajjo ta kwashe pil ta shanya a rana, ta ce gobe zai ƙara tashi, kuma akwai tsofaffin na tocila a kowane gida.

Na kwana can. An yi tuwon sabon gero da miyar kuka, Alasan ya ci da hannunsa, ya kuma yi mini gorin cewa tun muna samari shi ke jirana a gindin aduwa.

Komawa gida

Da safe na bar masa keken da rediyon da takalmin. Sabon pil ɗin na ba Hajjo ta ɓoye. Ɗansa ya kai ni bakin kwalta a amalanke, na samu motar kasuwa mai zuwa Tawa, aka matse ni tsakanin buhunan wake da wani Buzu mai rago biyu. A shinge jandarman jiya ya leƙo, ya gane ni, ya ce, "Baba, ina injin niƙa?" Na ce na kai shi inda ake da aiki.

Kafin azahar ina gida. Rahila ta dubi ƙafata, ta ga silifas na roba, ɗaya ma an ɗaure shi da waya.

"Ina takalmin?"

"Juyin Alasan ne."

Ta je ta ɗora mini ruwan zafi na gasa gwiwoyi.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa mai amalanke da ban tambayi sunansa ba, da Hajjo, da Rahila da ta bar ni na tafi. Na jinkirta rubuta wannan labari ne don ina jiran in ji ko abin zai ɗore. Makon jiya, an gama sussukar gero, waya ta shigo muna cin abinci. Hajjo ce, kuma ina jin dum, dum a bayanta.

"Mushe, abokinka ya ce in tambaye ka. Wai kiɗan ya cika sanyi, ƙahwarsa na riga shi. In ba shi sabon pil ɗin?"

Na ce ta ba shi. Na kuma ce ta gaya masa ya yi sauri ya gama fuskarsa, don silifas ɗin nan nasa suna cin ƙafata.