Ranar da Na Shiga Jirgin Yaƙin Bakin Hudson

Warin fenti da tsohon ƙarfe ne ya tare ni tun daga matakala, sai na ji kamar an buɗe akwatin sojan kakana. 'Yata ce ta ja ni, wata Lahadi da zafi, zuwa tsohon jirgin yaƙin nan da ke ɗaure a bakin kogin Hudson a New York, wanda aka mayar gidan tarihi. Shekara goma ina wuce shi da tasi, ban taɓa leƙawa ba.

A zangon Kumasi na tashi, a hannun kakan nan nawa. Lokacin yaƙin duniya Turawa suka kwashe shi da ƙanensa zuwa ƙasar Bama, can Asiya, shi kaɗai ya dawo. Idan damina ta kankama, ruwa yana dukan kwanon rufi, ba ya iya zaman ɗaki. Sai ya fito baranda ya tsaya, feshi yana jiƙa masa riga. Mu jikoki muna ƙunshe dariya, kakata tana korar mu da mafici.

Wata rana ina zuba masa ruwan alwala ya gaya mini dalili. A can ƙasan jirgi aka cusa su, babu taga, mako da makonni, sai ƙarar teku a jikin ƙarfe. Zazzaɓi ya kama ƙanensa, ya cika kafin su hango ƙasa. Aka ɗinke shi cikin tamfol aka zura a ruwa.

"Mu huɗu muka yi masa salla," in ji shi. "Jirgin ko rage gudu bai yi ba."

Uwarsu har ta rasu tana tambayar inda kabarin yake.

To ka ga wannan jirgin na New York, komai a goge. Yara suna guje-guje, ana ɗaukar hoto a gindin bindigogi. Wani tsohon ma'aikacinsa ya nuna mana inda wuta ta cinye abokansa, ga sunayensu a bango, kowa da nasa. Na karanta su duka, ban san abin da nake nema ba.

A nan 'yata ta zaro takarda daga jaka. Sojan ruwa take son shiga, shekarunta sha bakwai, ba za a ɗauke ta ba sai na sa hannu. Na zaunar da ita a benci na ba ta labarin kakana da Hausa, ban rage komai ba. Ta ji sarai, ta amsa da Turanci, a hankali. Ta ce shi kai shi aka yi, ita da ƙafarta za ta je.

Ban sa hannu ba. Lokacin sanyi ta cika sha takwas, ta sa da kanta.

A zamaninmu dattijo ya ɗaga ido kawai, yaro ya fasa tafiya. Ni na zazzage mata duk abin da na gada, ta saurara da ladabi, ta tafi. A masallacin unguwar Morrisania ana yi mini murna, ina cewa amin. Yau kwana goma sha tara rabon da ta kira.