Gonar da Baba Ya Ƙi

Mahaifina ya tsufa a wani ƙauye a bakin kogi, kudu da garin Mai Wurno, can wata ƙasa a gabas mai nisa, amma in ka tambaye shi inda yake zaune sai ya ce, "Muna bisa hanya." Hanyar Makka yake nufi. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato yana saurayi, guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya noman shekara ɗaya. A cikin shekara ɗayar nan aka haife ni, na girma, har na yi aure.

Dattawanmu da yawa haka suke. Ba sa ginin ƙasa, ba sa dasa itace, don a ganinsu duk wanda ya kafu ya warware niyyar hajji. Bukkarmu ta kara ce, kowace damina sai ta yi yoyo.

Lokacin da auduga ta yi daraja, wani attajiri daga birnin Sinja ya kafa injin ban ruwa a gaɓar kogin, aka yanka fili, aka ce kowane magidanci ya zo ya karɓi hawasha, wato gonar da ruwa ke zuwa mata rani da damina. Mai gida kaɗai ake ba. Ni kuwa ina ƙarƙashin Baba, matata da tsohon ciki.

Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, mu amsa, ko don jikanka da ke tahe."

Ya ce, "Matahiyi ba shi aje gona. Baɗi war haka muna Sawakin, bakin teku, mun shiga jirgi, in Allah ya so. Wa za mu bar ma ita?"

"Baba, baɗin ga tun ina goye nike jin ta."

"Halas. Na gama magana."

Ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba, kuma ba halin in furta. Na tashi na fita.

Maƙwabcinmu, wanda suka yo tafiyar tare da Baba, shi ya karɓa. Dattawa suka yi ta yi masa gori, wai ya sayar da Makka da auduga. Ba a jima ba ya gina ɗakin jan bulo, ya je Makkar, ya dawo yana washe mana haƙorin zinariya. Mu masu niyya mai tsarki mu muka zama masu tsintar audugarsa, ni da matata, daga safe har rana ta faɗi. Shekarar da ruwan sama ya ɗauke, dawarmu ta ƙone a tsaye, tasu gonar kore shar a ƙetaren hanya. A shekarar muka binne ɗanmu na fari. Har yau ban warke ba.

Daga baya Baba ya makance, ƙafa ma ta ƙi. Wata safiya ina ba shi kunu, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya yi ƙasa da murya kada surukarsa ta ji.

"Wagga hawasha," ya ce, "har yanzu ana badawa?"

A lokacin 'ya'yan waɗanda suka karɓa ma sun fara gado. Na ce, "An gama rabo, Baba. Tun tuni."

Ya saki hannuna, ya juya fuskarsa ga zana. Na tsufa ina jiran ranar da zai gane, ga ta ta zo, kuma ba ta ƙare ni da komai ba. Na rufe sauran kunun, na tafi gonar mutane kada in makara.