Kififiya a Bahon Wanki

Shekarar da tabkin wajen Tenhiya ya ƙafe da wuri, wani Bafulatani abokin maigidana ya zo cin kasuwar Tanut, ya biyo mana da tsaraba a ƙwarya. Na ɗaga faifai ina zaton nono ne, sai ga kififiya, kunkurun ruwa, ta miƙo wuya tana hararata.

"A taɓo na tsince ta," in ji shi. "Ku ƴan gari kuna da ruwa."

Mu da muke jera bido, jarkokin ruwa, a bakin famfo tun da sassafe! Amma ba a mayar da hannun kyauta baya. Na sadaukar da babban bahon wankina.

Da ɗiyata ta fari ta zo hutu daga Damagaram, inda take karatu, ta duba salularta ta ce, "Inna, ruwa kaɗai bai isa ba. Wai kaɗaici na damun su. Sai ana sauya mata wuri, ana ba ta abin wasa, kuma ta yi farauta da kanta."

Muka duƙufa. Aka kwaso duwatsu daga bayan gari, aka kife tsohuwar tukunya mai fasasshen baki ta zama ɗakinta, aka jefa ɗan gora yana yawo a ruwa. Duk Juma'a a sake wa duwatsun tsari. Maigidana kuwa, mushen lakwal, wato malamin makaranta, da yara ke rawar jiki in ya yi gyaran murya, shi ke tsugunne a gona da yamma yana kamo mata fara da rai. Kififiyar dai tana kan dutse guda, ido rufe. Ranar da ta motsa da gaske, yatsansa ta ciza.

Surukata tana kallonmu daga tabarmarta. Rannan ta ce wa ɗanta, "Ni da na haife ka, ka taɓa tambayata ko zaman ya gundure ni?" Kunya ta kama shi, ya mayar mata da tabarma gindin itacen bedi don ta ga sabon wuri. Ta yi masa tas, ta ja abarta ta koma inda take.

Da damina ta sauka, na tashi na tarar baho ba kowa. Sai da rana ta take na gano ta a makwararar bayan madafa, cikin baƙar laka, tana iyo tana cafkar tsutsa kamar an sake haihuwarta. Na wanke ta na mayar, ta koma. Na sake, ta sake. Sai na ƙyale ta.

Ɗiyata ta kira daga Damagaram tana tambayar wane wasa muke wa kififiyar yanzu.

Na ce, "Ruwan wanke-wanke nake sheƙa mata safe da yamma."

Ta ce za ta duba a salula.