Layin da Bai Koya Mini Ba

Ina share shago ƙanen abokina ya kira, ya ce Allah Ya yi wa yayansa cikawa a asibiti a Kano. Na ajiye tsintsiya, na rufe ƙofa.

Tare muka buɗe shagon kwamfutar a Kiru, ni da abokina. Makarantun yankin suna kawo mana sakamakon jarabawa, mu shigar a wata babbar kwamfuta da ke Kano. Ba mu taɓa ganinta ba. Ta wata baƙar taga a allonmu muke shiga cikinta, mu rubuta mata umarni. Shi ne mai shiga. Idan na leƙa sai ya ce, "Bari kawai, mutumina, kai dai ji da masu zuwa."

Bayan sadakar bakwai na zauna a kujerarsa, na shiga da sunana. Rubutu ya hau kan rubutu. Na danna madannin gogewa, maimakon ya goge sai ya zubo wasu alamomi. Madannan kibiyoyi ma haka. Ga hutu ya matso, iyaye na jiran sakamako.

Na san wanda zan kira, ban dai so ba. Wani malamin lissafi ne a Doguwa. Marigayin yakan daɗe a waya da shi, suna ta dariya, ni kuwa ina gefe ina haɗa takardu.

Ya yi mini gaisuwar rashi, muka yi addu'a. Na faɗa masa abin da nake gani.

"Ai ba ka yi sallama ba ne, Malam," in ji shi.

"Sallama kuma?"

"Haka marigayin yake cewa. Wai kwamfutar can ba ta san irin allon da ka zo da shi ba, shi ya sa take maka wani yare. Ka faɗa gidan mutane babu sallama, me kake so su yi maka?" Ya yi 'yar dariya. "Bai taɓa gaya maka ba?"

Na ce watakila na manta.

Ya karanto mini layi ɗaya, harafi bayan harafi, wanda ke gaya wa kwamfutar Kano nau'in allona. Na rubuta. Komai ya koma daidai. Na goge harafi, ya gogu.

Ya kamata in ji daɗi. Tun muna firamare muke cin kwano ɗaya da mutumin nan. Ni na shiga kabari na karɓe shi. Amma wannan barkwancin nasa a bakin wani na fara jin sa, wanda ko gidansu bai sani ba.

Malamin ya ce akwai inda ake ajiye layin ya zauna, ba sai na riƙa rubutawa duk shiga ba. Ya ce in kira shi ranar Asabar, akwai sauran abubuwa da yawa da marigayin ya koya masa, zai nuna mini duka.

Sakamakon ya fita a kan lokaci. Har yanzu da hannu nake rubuta layin kowace safiya. Ban kira shi ba tukuna.