Abin da Gwaggo Ke Binnewa a Bayan Rumbu

Ni 'yar fari ce, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma kallona a gaban mutane, saboda kunya. Gwaggo, ƙanwar Babanmu, wadda mijinta ya rasu a Tsaskiya ta dawo gidanmu a Babban Duhu, ita aka ba riƙona. A ɗakinta nake kwana. Shekarun nan ne kafin zuwan Nasara, lokacin da ba a yin gona nesa da gari don tsoron harin Maraɗawa.

Bayan na tashi daga baƙon dauro sai jikina ya daina riƙe komi. Fitsari ya zubo ban sani ba, wani lokacin har da babban. Ga ni na kai ɗaukar tulu. Na kuwa san abin da ake yi wa irina: a ɗora maka jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, a ɗaura maka kwaɗo a ƙugu, yara su zaga gari da kai suna waƙa. Na ga an yi wa 'yar maƙwabtanmu, har ta yi aure ana kiranta da sunan mai fitsarin kwance. Mugunta ce tsagwaronta, ko me za su ce.

Gwaggo ba ta gaya wa kowa ba. Ta yayyaga tsohon zanenta tana yi mini ƙunzugu. Wanda ya wanku ta wanke da toka ta shanya a cikin ɗaki, wanda ya ɓaci ta binne a bayan rumbu. Ta hana kowa ɗaga asabarinta.

Ni kuma da wayona na yarinta sai na daina ci da sha, wai don kada a samu abin da zai fita. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, na ƙi. Na rame har wuyana ya yi tsawo.

Nan fa ido ya dawo kan Gwaggo. Matar yayan Baba, mai bakin tsiya, ita ta fara: me ake binnewa kullum? Me ya sa ɗaki a rufe? Shi mijin nata me ya kashe shi? In Gwaggo ta zo rijiya sai mata su janye 'ya'yansu. Inna ta fara turo mini da tuwo ta hannun wasu, ta hana a ci na Gwaggo. Ba wanda ya furta kalmar, amma kowa ya san maita ake nufi.

Wata ranar Juma'a da hantsi aka kwantar da ni a tsakar gida, tsofaffi suka ce Gwaggo ta tsallake ni, ta sakar mini kurwa. Wadda ta tsallake kuwa ta amsa laifi ke nan.

Na buɗe baki na ce wa kakarmu da ke cikinsu, "Kaka, ba ita ba ce, ni ce nake..."

"Rufe mini baki, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Zafin ciwo ne."

Ta tattare zanenta ta tsallake ni. Kafin la'asar ta ɗaure kayanta ta kama hanyar Tsaskiya.

Aka mai da ni ɗakin Inna. Da safe ta ɗaga ni ta ga tabarma, ta ga tsummokaran da ke ƙuguna. Ta daɗe a tsugune. Sannan, karo na farko a rayuwata, ta kira sunana. Ita da kanta ta sa Baba ya hau jaki ya bi ƙanwarsa.

Shi kaɗai ya dawo. Na laɓe a bayan zana ina jin abin da yake gaya wa Inna.

"Ta ce ba ta dawowa. Wai in aka wanke ta, sai an faɗi abin da take binnewa. Ta ce a bar mata sunan, ita ta tsufa, yarinya kuwa yanzu ta fara."